Anthony Fokker: Mutumin da sunansa ya yi jigilar 'yan Najeriya shekaru bayan mutuwarsa

Duk ma'aikacin gwamnatin tarayya da ya yi aiki tsakanin shekarun 1970 da farkon 1980, aka kuma taɓa tura shi Inugu ko Fatakwal ta jirgin sama, da wuya a ce bai hau jirgin Fokker ba. A wancan zamani kamfanin Nigeria Airways ya dogara ƙwarai da jiragen wannan kamfani na ƙasar Holan wajen zirga-zirgar cikin gida: mai farfela da ake kira F27, da ƙanensa mai injin jet da ake kira F28. Su ne suka riƙa haɗa Legas da manyan biranen jihohi a lokacin da ƙasar ke ƙoƙarin ɗinke ɓarakar da yaƙin basasa ya bari.

Mutumin da jiragen ke ɗauke da sunansa, Anthony Fokker, bai ga ko ɗaya daga cikinsu ba. Ya mutu a ƙarshen 1939, kusan shekara 16 kafin F27 ya fara tashi, fiye da shekara 27 kafin F28. Shekara 49 kacal ya yi a duniya, amma a cikinsu ya ƙera wa Jamus jiragen yaƙin da suka firgita abokan gabarta, ya tsallake iyaka da kayan masana'anta ta hanyar fasa-ƙwauri, ya shiga sahun gaba na masu ƙera jiragen fasinja a duniya, sannan ya ga kasuwar ta kuɓuce masa yana ji yana gani. Tarihinsa ya shafi duk wanda ke aiki a ƙarƙashin wani, da duk wanda wasu ke aiki a ƙarƙashinsa, domin suna na mutum ɗaya ne, amma abin da ke riƙe da sunan aikin mutane ne da ba a ganinsu, kuma duk lokacin da aka yi wa wannan aiki riƙon sakainar kashi, da rayuka ake biya.

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi Anton Herman Gerard Fokker ranar 6 ga Afrilu, 1890, a tsibirin Java, wanda a lokacin yake ƙarƙashin mulkin mallakar Holan, a yau kuma yake cikin ƙasar Indonesiya. Mahaifinsa, Herman Fokker, mai gonar gahawa ne, mai abin hannu. Yaron na da shekara huɗu iyalin suka koma gida suka zauna a birnin Haarlem domin 'ya'yan su samu ilimi.

Karatun aji bai karɓe shi ba, har ya bar makarantar sakandare ba tare da takardar kammalawa ba. Hankalinsa na kan ƙere-ƙere. Tun yana matashi ya kashe lokaci da kuɗi wajen ƙirƙiro ƙafar mota wadda ƙusa ba ta sace mata iska, daga baya ya tarar wani ya riga shi yin rajistar wannan fasaha. A 1908 kuma, da Ba'amurke Wilbur Wright ya nuna tashin jirginsa a Faransa, sai sha'awar matashin ta koma sama.

A 1910 mahaifinsa ya tura shi Jamus ya koyi kanikancin mota a garin Bingen, amma ya sauya sheƙa zuwa wata makaranta kusa da Mainz inda aka fara koyar da harkar jiragen sama. A wannan shekara ya haɗa jirginsa na farko, wanda saboda yawan wayoyin da suka ɗaure fukafukansa aka sa masa suna Spin, wato gizo-gizo da harshen Holan. Abokin hulɗarsa, Franz von Daum, wanda ya zuba kuɗi a aikin, ya kara jirgin da bishiya ya ragargaza shi. Fokker ya ƙera na biyu, ya koya wa kansa tuƙi a cikinsa, ya samu lasisi a 1911. Ranar 31 ga Agusta ta wannan shekara, ranar bikin zagayowar haihuwar Sarauniya Wilhelmina, ya zagaya hasumiyar babbar majami'ar Haarlem da Gizo-gizo na uku, jama'ar gari suna kallo. Yana da shekara 21 a lokacin, kuma daga ranar sunansa ya bazu a Holan.

A 1912 ya kafa kamfaninsa a Johannisthal, kusa da Berlin, shekara guda bayan haka ya mayar da shi garin Schwerin da ke arewacin Jamus. A nan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya same shi a 1914. Ƙasarsa ta haihuwa ba ta shiga yaƙin ba, amma masana'antarsa na Jamus, kuma rundunar Jamus ce babbar mai sayen kayansa.

Yaƙin da ya ɗaukaka shi

A farkon yaƙin babbar matsalar matuƙa ita ce yadda za su harba bindiga gaba ba tare da harsashi ya sare farfelar jirginsu ba. A watan Afrilun 1915 Jamusawa suka kama jirgin matuƙin Faransa Roland Garros, suka ga ya liƙa ƙarafa a jikin farfelarsa don su riƙa kautar da harsashi. Aka nemi Fokker ya kwaikwaya, sai ya kawo abin da ya fi haka: na'urar da ke daidaita harbin bindiga da juyawar farfela, ta yadda harsashi ba ya fita sai hanya ta buɗe. Jirginsa mai fiffike ɗaya, Eindecker, da aka ɗora wa wannan na'ura, ya ba Jamus rinjaye a sama daga tsakiyar 1915 zuwa farkon 1916, har Turawan Ingila suka riƙa kiran lokacin da annobar Fokker. A cikinsa matuƙa irin su Max Immelmann da Oswald Boelcke suka yi suna.

A littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a 1931, Fokker ya nuna cewa shi da kansa ya ƙirƙiro na'urar cikin kwana biyu. Masana tarihi sun fi karkata ga cewa injiniyoyinsa, musamman Heinrich Lübbe, sun yi watanni suna aiki a kanta kafin nan. Bugu da ƙari, wani injiniya mai suna Franz Schneider ya yi rajistar makamanciyar wannan fasaha tun 1913, kuma ya yi shekaru yana shari'a da Fokker a kai.

A 1917 ya fito da Dr.I mai fukafukai hawa uku, jirgin da shahararren matuƙin Jamus Manfred von Richthofen yake ciki lokacin da aka kashe shi a Afrilun 1918. Sai dai a ƙarshen Oktoban 1917 fukafukan jirage biyu na wannan samfuri suka ɓalle a sama cikin kwana biyu, matuƙansu suka mutu, cikinsu har da Heinrich Gontermann, ɗaya daga cikin gwanayen rundunar. Bincike ya gano cewa laifin na aikin masana'anta ne: haɗin katakon ba shi da inganci, kuma ba a shafe shi da abin da zai hana danshi shiga ba. Aka dakatar da jiragen, aka tilasta wa Fokker ya gyara su da kuɗinsa. A 1918 irin wannan matsala ta sake afka wa wani samfurin nasa, E.V.

Duk da haka, a watan Janairun 1918 jirginsa ya lashe gasar da rundunar Jamus ta shirya, aka sa masa suna D.VII, aka ƙera fiye da 3,000. Ingancinsa ya kai matsayin da yarjejeniyar tsagaita wuta ta Nuwamban 1918 ta ambace shi da suna cikin makaman da dole Jamus ta miƙa.

Mai waldan da ke bayan fage

Ba wanda ke musun baiwar Fokker ta fuska biyu. Gwanin matuƙi ne da kan hau sabon jirgi ya gane aibinsa nan take, kuma ɗan kasuwa ne da ya san yadda ake shiga zuciyar mai saye. Yakan ziyarci matuƙa a bakin daga, ya saurari koke-kokensu, ya karɓe su hannu bibbiyu idan sun zo hutu Berlin. Amma lissafin injiniya da zane ba fagensa ba ne.

Wanda ya ɗauki babban kaso na wannan nauyi shi ne Reinhold Platz, Bajamushen da ya shigo kamfanin a matsayin mai walda, ba shi da digiri. Bayan mutuwar babban mai tsara jiragen kamfanin, Martin Kreutzer, a hatsarin jirgi a 1916, Platz ya matso gaba. A zamaninsa aka kafa salon da aka san Fokker da shi: gangar jiki ta bututun ƙarfe da aka haɗa da walda, da kakkauran fiffike na katako wanda ke tsayawa da ƙarfin kansa ba tare da wayoyi sun tallafe shi ba. Masana sun saɓa a kan iyakar gudummawar Platz, wasu na ganin an zuzuta ta daga baya, amma da yawa sun zargi Fokker da ɗabi'ar karɓar yabo shi kaɗai a kan aikin da mutanensa suka yi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Daga Jamus zuwa Amsterdam

Da Jamus ta sha kashi, aka haramta mata ƙera jiragen yaƙi, kuma hukumar haraji na bin Fokker maƙudan kuɗi. A 1919 ya shirya jiragen ƙasa shida masu taragu kusan 350, ya loda musu jiragen sama fiye da 200 da injuna kusan 400 da kayan gyara, ya tsallake da su zuwa Holan a ɓoye. Da wannan kaya ya kafa sabon kamfani a Amsterdam a watan Yulin 1919, ya kuma yi dabarar ƙin sa masa sunan Fokker da farko, saboda sunan na tuna wa Turai da jinin da aka zubar.

A watan Oktoba na wannan shekara aka kafa kamfanin sufurin jiragen sama na KLM ƙarƙashin jagorancin Albert Plesman, ya zama babban abokin cinikinsa. Salon da aka gwada a fagen yaƙi ya dace da jigilar fasinja. A 1923 wani jirgin Fokker na rundunar Amurka ya tashi daga New York zuwa San Diego ba tare da yada zango ba cikin ƙasa da awa 27, karo na farko da aka ratsa ƙasar haka. A 1924 jirgin F.VII na KLM ya kai Batavia, wato Jakarta ta yau, daga Amsterdam. A 1925, shekarar da jiragen sojan Birtaniya uku suka sauka a Kano suka zama na farko da suka taɓa sauka a Najeriya, Fokker ya ƙara wa F.VII injuna biyu ya zama mai uku, domin idan ɗaya ya mutu sauran su ci gaba.

Wannan mai injin uku shi ne ya kai shi ƙololuwa. Da shi Richard Byrd ya yi tafiyarsa ta 1926 wadda ya ce ta kai shi ƙuryar arewacin duniya. Da shi Charles Kingsford Smith ya ƙetare tekun Fasifik daga Amurka zuwa Ostareliya a 1928, kuma a cikinsa Amelia Earhart ta zama mace ta farko da ta ƙetare tekun Atlantika ta sama, a matsayin fasinja, a wannan shekara. Fokker ya koma Amurka da zama, ya buɗe masana'antu a can, har kamfanin General Motors ya sayi babban hannun jari a cikinsu a 1929.

A gida kuwa bai samu irin wannan nasara ba. Aurensa na farko da Elisabeth von Morgen, wanda aka ɗaura a 1919, ya mutu bayan shekara huɗu. Matarsa ta biyu, Violet, wadda ya aura a 1927, ta faɗo daga tagar masaukinsu a New York a watan Fabrairun 1929 ta mutu.

Danshi da gam

Ranar 31 ga Maris, 1931, wani jirgin Fokker F-10 na kamfanin TWA ya faɗi a jihar Kansas bayan fiffikensa ya ɓalle. Mutum takwas da ke ciki duka suka mutu, cikinsu har da Knute Rockne, fitaccen mai horar da 'yan ƙwallon Amurka na Jami'ar Notre Dame. Shahararsa ta sa ƙasar gaba ɗaya ta nemi bayani. Aka gano cewa danshi ya shiga cikin fiffiken ya raunana gam ɗin da ke riƙe da katakonsa. Ciwon da ya kashe Gontermann shekara 14 da suka wuce shi ne ya dawo. Hukuma ta dakatar da jiragen, ta kuma gindaya sharuɗɗan bincike masu tsada da suka sa riƙe su ya zama asara.

In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, amma Fokker bai sauya da wuri ba, ko da yake tun lokacin yaƙi hukumomin Jamus sun haɗa shi aiki da Hugo Junkers, jagoran masu ƙera jiragen ƙarfe. A 1931 ya rabu da kamfaninsa na Amurka, Platz ma ya bar shi. A 1933 Boeing ya fito da samfurin 247 na ƙarfe zalla, Douglas kuma ya ƙera wa TWA jirgin da ya haifi DC-2 da DC-3. Hatta KLM ya juya ga Douglas, musamman bayan DC-2 ɗinsa ya zo na biyu a tseren London zuwa Melbourne na 1934. Fokker, da yake ɗan kasuwa ne, ya karɓi dillancin jiragen Douglas a Turai, ya ci riba mai yawa yana sayar da jirgin da ya kore nasa daga kasuwa.

Ya mutu a wani asibiti a New York ranar 23 ga Disamba, 1939, sakamakon cutar sanƙarau, wata huɗu bayan jirgi mai injin jet na farko a duniya ya tashi a Jamus. A 1940 aka kai tokar gawarsa maƙabartar Westerveld a Holan.

Sunan ya sake tashi

Yaƙin Duniya na Biyu ya bar masana'antar Amsterdam a rushe. Waɗanda suka sake gina ta injiniyoyi ne da manajoji da gwamnatin Holan ta tallafa wa, kuma sun fara da tambayar kamfanonin sufuri irin jirgin da suke so ya maye gurbin DC-3. Amsar ita ce F27 Friendship, mai injuna biyu na Rolls-Royce Dart da fiffike a saman jiki, wanda ya fara tashi a Nuwamban 1955 ya shiga aiki a 1958. Wani abin lura shi ne, an yi amfani da gam na musamman wajen manne sassan ƙarfensa da dama a maimakon ƙusoshi. Abin da ya zubar da mutuncin kamfanin a da, shi ne ya zama ƙarfinsa da aka yi shi da bincike da kulawa. An ƙera kusan 800, idan aka haɗa da waɗanda kamfanin Fairchild ya yi a Amurka.

A 1962 kamfanin ya sanar da shirin ƙera mai injin jet don gajerun hanyoyi da ƙananan filaye, wato F28 Fellowship, wanda ya fara tashi ranar 9 ga Mayu, 1967, ya fara ɗaukar fasinja a 1969. An ɗora masa injunan Rolls-Royce Spey guda biyu a bayan gangar jiki, nesa da tsakuwa da ƙurar ƙasa, da wutsiya mai tsayi wadda ƙananan fukafukanta ke can sama. Ƙarshen jikinsa kan buɗe gida biyu ya zama birkin iska, abin da ke ba shi damar rage gudu ko gangarowa da sauri. Ba a sa masa na'urar juya ƙarfin inji baya ba, don rage nauyi da kuɗin gyara. Ƙofarsa ita ce matakalarsa, kuma yana da ƙaramin inji na kansa da ke tayar da manyan, saboda haka ba ya jiran kayan aikin filin jirgi. Kamfanin Short Brothers na Belfast ya yi fukafukan, kamfanonin Jamus suka yi wasu sassan jiki, aka haɗa a Amsterdam.

Samfurin farko, Mk 1000, na ɗaukar fasinja 65. Aka ƙara masa tsawon da ya ɗara mita biyu ya zama Mk 2000 mai kujera 79, wanda ya fara tashi a 1971. Daga bisani aka faɗaɗa fukafukai aka fito da Mk 3000 mai gajeren jiki da Mk 4000 mai kujera 85. Zuwa 1987 an ƙera guda 241. Garuda na Indonesiya, ƙasar da aka haifi Fokker, shi ya fi kowa yawansu, kuma a Afirka kamfanonin Ghana da Gabon sun yi aiki da su.

A sararin Gabas

Nigeria Airways ya fara karɓar F27 a 1963, ya riƙa sallamar tsofaffin DC-3. Ɗaya daga cikin waɗannan jirage ya faɗa cikin rikicin ƙasa: a watan Afrilun 1967 aka yi fashinsa bayan ya tashi daga Benin, aka karkatar da shi Inugu, daga baya dakarun Biyafara suka mayar da shi mai jefa bam, ya tarwatse a sararin Legas a watan Oktoba na wannan shekara.

Kafin wannan lokaci Hausawa da sauran 'yan Arewa sun daɗe da kafa unguwanni a Gabas, waɗanda Ibo ke kira Ama Awusa. Kogin Kwara ya kai fatake Anacha, layin dogo kuma, wanda ya haɗa Fatakwal da ma'adinan kwal na Inugu a 1916 ya samu gadar Makurɗi a 1932, ya riƙa saukar da shanu da wake da albasa, yana komawa da manja. Zaman ya yi daɗin da Malam Umaru Altine, mutumin ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. Kashe-kashen 1966, waɗanda suka koro dubban Ibo daga Arewa, su ne kuma suka sa 'yan Arewa suka bar waɗannan unguwanni.

Bayan yaƙin ya ƙare a Janairun 1970, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta shelanta sulhu da sake gina ƙasa, unguwannin suka soma cika. A wannan yanayi F28 ya iso, kuma Nigeria Airways ne ya fara aiki da samfurin Mk 2000 a 1972. Yawancin mazauna waɗannan unguwanni jirgin ƙasa da manyan motoci suke bi, domin tikitin jirgin sama ba na kowa ba ne. Amma ga jami'in da aka tura aiki Fatakwal, ko babban dillalin da rasuwa ta same shi a gida, jirgin da ke gudun fiye da kilomita 800 a awa ya mayar da tafiyar kwana da kwanaki ta yini guda, ko da ta Legas za a bi. Mutumin Anacha, da yake garin ba shi da filin jirgi, sai ya yi tafiyar kimanin kilomita 100 zuwa filin Emene da ke Inugu. Da aka ƙara jihohi zuwa 19 a 1976, bukatar jirgin da zai iya sauka a ƙaramin fili ta ƙaru.

Wannan hidima ba ta tafi ba tare da makoki ba. Ranar 1 ga Maris, 1978, wani F28 ya yi karo da jirgin yaƙi samfurin MiG-21 na rundunar sojan saman Najeriya a sararin Kano, mutum 18 suka mutu. Ranar 28 ga Nuwamba, 1983, wani Mk 2000 da ya taso daga Legas ya faɗi 'yan kilomitoci kafin titin saukar Inugu cikin yanayin da ba a gani sosai, ya kama da wuta, mutum 53 daga cikin 72 suka rasa rayukansu. A waɗannan biyun ba fiffike ne ya ɓalle ba. Abin da ke kare fasinja daga irinsu shi ne aikin da ba ya gani daga kujerarsa: tsarin raba sararin sama tsakanin jirage, na'urorin taimaka wa sauka, rahoton yanayi, da horar da ma'aikata.

Ƙarshen kamfanoni biyu

Daga F28 aka samar da Fokker 100, mai kujera kusan 100 da injunan Rolls-Royce Tay, wanda ya fara tashi a Nuwamban 1986, sai ƙaraminsa Fokker 70 a 1993. Sun samu kasuwa, har American Airlines ya yi odar guda 75, kuma a Najeriya kamfanin IRS ya yi jigila da Fokker 100 shekaru da dama. Amma kuɗin da aka kashe wajen samar da su ya yi wa kamfanin nauyi. Kamfanin Jamus da ya karɓi ragamarsa a 1993 ya janye tallafi a Janairun 1996, kotu ta ayyana durƙushewarsa ranar 15 ga Maris ta wannan shekara, dubban ma'aikata suka rasa aiki. Kasuwar da ya share wa hanya ta koma hannun Bombardier na Kanada da Embraer na Brazil, waɗanda jiragensu ke sauka Inugu da Fatakwal a wannan zamani.

Nigeria Airways, wanda aka taɓa damƙa wa KLM ragamarsa daga 1979 zuwa 1981, bashi da rashin iya gudanarwa suka ci gaba da cinsa har ya daina tashi a 2003. Shekara 15 bayan haka, a 2018, gwamnatin tarayya na kan biyan tsofaffin ma'aikatansa haƙƙoƙinsu, wasunsu kuwa sun riga mu gidan gaskiya suna jira. Cikinsu akwai injiniyoyi da kanikawan da suka riƙe jiragen Fokker suna tashi.

A watan Oktoban 2017 reshen KLM mai gajerun hanyoyi ya yi ban-kwana da Fokker 70 ɗinsa na ƙarshe, abin da ya kawo ƙarshen hulɗar kusan ƙarni guda tsakanin kamfanonin biyu. An zana hoton Anthony Fokker a wutsiyar ɗaya daga cikin jiragen, kuma ya cancanci hakan, domin ba don ƙarfin halinsa da iya cinikinsa ba, da babu kamfanin. Reinhold Platz kuwa ya mutu a Jamus a 1966, shekara guda kafin F28 ya fara tashi, kuma in ban da masu nazarin tarihin jiragen sama, kaɗan ne suka san sunansa.